Zaɓi ko jeri? Yadda ake ƙirga hanyoyin zaɓe a lissafin JAMB da WAEC

Duk lokacin da jarrabawar shiga jami'a ta gabato, akwai irin tambayar da ke raba kan ɗalibai a ajin lesin. An ce ƙungiya tana da mutum 10, za a fitar da uku daga ciki, ta hanyoyi nawa za a iya yin haka? Wani ya samu 720, wani ya samu 120. Kowa ya nuna aikinsa, kuma babu wanda ya yi kuskure a ninkawa ko rabawa. Abin da ya raba su yana cikin kalmomin tambayar: mutanen ukun nan kwamiti ne kawai, ko kuwa kowannensu da muƙaminsa? Yawancin makin da ke zubewa a wannan babi a nan yake zubewa, tun kafin a taɓa wata ƙa'ida.

Ma'anar kalmomin

Kombineshin shi ne zaɓi: a ɗebo wasu abubuwa daga cikin tari ba tare da an damu da wanda ya fara zuwa ba. Idan aka aiki Audu da Binta kasuwa, daidai yake da a ce an aiki Binta da Audu. Pamuteshin kuwa jeri ne, inda matsayi ke da tasiri. A naɗa Audu shugaba Binta ma'aji, wannan daban yake da a naɗa Binta shugaba Audu ma'aji, ko da yake mutanen ba su canja ba.

Kalma ta uku ita ce faktoriyal, wadda ake rubutawa da alamar motsin rai a bayan lamba. Ma'anar 4! ita ce 4 × 3 × 2 × 1, wato 24, kuma ita ce adadin hanyoyin jera abubuwa huɗu mabambanta a layi. Masana sun tsayar da 0! a matsayin 1, domin hanya ɗaya ce tak ta rashin ɗaukar komai.

A takardun Najeriya da Ghana ana rubuta zaɓin r daga cikin n a matsayin nCr, jeri kuma nPr. Ɗalibin da ya yi karatu a Nijar ko wani tsarin Faransanci zai fi sabawa da harafin C mai n a ƙasa da ƙaramar lambar a sama. Abu ɗaya ne, wurin lambobin kawai ya sauya, sai dai wanda ya tsallaka daga wannan tsari zuwa wancan ya kula kada ya juya su.

Daga ina 120 ta fito

A koma ga mutum goman nan. Idan shugaba da mataimaki da ma'aji ake nema, kujerar shugaba tana da mutum 10 da za su iya hawa. Da zarar an cika ta, saura 9 ga kujerar mataimaki, sannan 8 ga ma'aji. Ninka su: 10 × 9 × 8 = 720.

To amma idan kwamiti ne marar muƙami, a cikin 720 ɗin nan an maimaita kowane rukuni. Ɗauki Audu da Binta da Dije. Sun fito a matsayin Audu-Binta-Dije, Audu-Dije-Binta, Binta-Audu-Dije, Binta-Dije-Audu, Dije-Audu-Binta, Dije-Binta-Audu. Sau shida ke nan, wato 3!, alhali kwamiti ɗaya ne. Haka abin yake ga kowane mutum uku da aka ɗauka. Saboda haka sai a raba 720 gida 6, a samu 120.

Ƙa'idar da ke cikin littattafai, nCr = n! ÷ [r! × (n − r)!], wannan aikin ne aka taƙaita. Ɓangaren (n − r)! yana yanke jelar ninkawar don ta tsaya a kujera ta ƙarshe, shi kuma r! yana share maimaicin. Wanda ya gane haka, ko ƙa'idar ta kuɓuce masa a ɗakin jarrabawa zai iya sake gina ta cikin daƙiƙu: ƙirga kamar jeri ne, sannan ka raba da yawan maimaicin.

Irin wannan tunani ne ke warware tambayar haruffa masu maimaituwa. Sunan KADUNA yana da haruffa 6, jerinsu 720 ne da a ce duk sun bambanta. Amma A biyu ne, kuma musanya su ba ya kawo sabon abu, don haka a raba da 2, a samu 360.

Tsohon ilimi ne

A ƙarni na takwas, masanin harshen Larabci Khalil ɗan Ahmad na Basra ya fuskanci wannan matsala sa'ad da yake tsara ƙamusunsa. Yakan ɗauki haruffa uku ya jujjuya su ta fuskoki shida, ya ware waɗanda Larabawa ke amfani da su daga waɗanda aka bari. Daga haruffa 28, rukunan haruffa uku mabambanta 3,276 ne, idan aka ninka da shida kuma a samu jeri 19,656. A Marrakesh, Ibn Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya yi nazarin yawan tuntayen da za a iya haɗawa daga alharini mai launi goma. Tuntu mai launi uku daga cikin goman yana da siffa 120, daidai da kwamitin da ke sama. Alwatikan lambobin da ake danganta wa Bafaranshe Pascal, wanda ya yi rubutu a kansa a 1654, Al-Karaji na Bagadaza da masanan Sin sun san shi ɗaruruwan shekaru kafin nan.

Yadda ake lissafin da hannu

Jarrabawar UTME, wato ta shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, tana da tambayoyi 180 cikin sa'a biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga darussa ukun da suka rage. Idan aka raba daidai, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ba a shiga da kalkuleta ta hannu, kuma bai kamata a dogara ga samun maɓallin nCr a kan wadda ke allon kwamfuta ba. Wanda ya tsaya lissafa 12! gaba ɗayanta, lamba mai gurbi tara, ya cinye lokacin tambaya biyu ko uku.

Hanya mafi sauri ita ce a rubuta lambobi r a sama, ana saukowa daga n, a rubuta r! a ƙasa, a soke kafin a ninka. Misali 12C4. A sama 12 × 11 × 10 × 9, a ƙasa 4 × 3 × 2 × 1. Huɗu sau uku 12 ne, sun tafi da 12 ta sama. Biyu ta shiga 10 sau 5. Saura 11 × 5 × 9 = 495. Idan bayan sokewa wani abu ya rage a ƙasa har amsar ta zama da ɓurɓushi, to an yi kuskure, domin adadin hanyoyi cikakkiyar lamba ce kullum.

Dabara ta biyu: zaɓen waɗanda za a ɗauka daidai yake da zaɓen waɗanda za a bari. Ɗaukar 18 daga 20 tamkar ware biyun da za su zauna ne, don haka 20C18 = 20C2 = (20 × 19) ÷ 2 = 190. Wannan ce kuma ke buɗe tambayar da ake cewa nC3 = nC5, a nemo n. Tunda 3 da 5 ba ɗaya ba ne, dole jimlarsu ta zama n, wato 8.

Akwai kuma tambayar da ake juyowa ta baya. An yi musabaha 45 a wani taro, kowa ya gaisa da kowa sau ɗaya, mutum nawa ne? Musabaha zaɓin mutum biyu ce, saboda haka n(n − 1) ÷ 2 = 45, wato n(n − 1) = 90. Ba sai an yi dogon lissafi ba. Wace lamba ce idan aka ninka ta da wadda ke ƙasa da ita za a samu 90? Goma da tara. Mutum 10 ne.

Ninkawa ko tarawa

A ɗauki ƙungiya mai maza 6 da mata 4. Ana son kwamitin mutum biyar, maza uku da mata biyu. Zaɓin maza 6C3 = 20, na mata 4C2 = 6. Kowane rukunin maza zai iya haɗuwa da kowane rukunin mata, don haka ninkawa ake yi: 20 × 6 = 120. Wanda ya tara ya samu 26, kuma ba abin mamaki ba ne ya ga 26 ɗin a cikin zaɓin A zuwa D, domin masu tsara tambayoyin zaɓi kan gina amsoshin ruɗi daga kurakuran da aka saba yi. Ganin amsarka a allo ba shaida ba ce cewa ka yi daidai.

Abin lura shi ne, idan matakai biyun duka za su faru kafin aikin ya kammala, wannan da wancan, ana ninkawa. Idan kuwa yanayi ne daban-daban da ba sa haɗuwa, ko wannan ko wancan, ana tarawa.

Tarkon "aƙalla"

Nan ne babin ya fi kayar da ɗalibai masu ƙoƙari. Ƙungiyar dai ita ce, maza 6 da mata 4. Yanzu kwamitin mutum huɗu ake so, da sharaɗin a samu aƙalla mace ɗaya.

Tunanin da ke fara zuwa wa mutum shi ne: bari in cika sharaɗin tukuna. In zaɓi mace ɗaya, hanya 4. Saura mutum tara, in ɗebi uku a cikinsu yadda na ga dama, 9C3 = 84. Ninka, 336. Tunanin ya yi kama da gaskiya, amma jimlar dukkan kwamitocin mutum huɗu daga goma, ba tare da wani sharaɗi ba, 10C4 = 210 ne kawai. Sashe ba zai fi dukan abu yawa ba.

Inda matsalar take: a ce kwamitin ya ƙunshi Binta da Dije da maza biyu. An ƙirga shi sau ɗaya lokacin da Binta ce "macen farko" Dije ta shigo cikin sauran ukun, an sake ƙirga shi lokacin da Dije ce ta farko Binta ta biyo baya. An ƙirƙiri muƙamin da babu shi a tambayar, sai jeri ya shigo ta bayan gida.

Hanyoyi biyu ne ingantattu. Ta farko, a rarraba yanayi:

Mace 1, maza 3: 4 × 20 = 80
Mata 2, maza 2: 6 × 15 = 90
Mata 3, namiji 1: 4 × 6 = 24
Mata 4, babu namiji: 1

Jimla 195. Ta biyu, a cire abin da ba a so daga jimlar duka. Kwamitin da babu mace ko ɗaya shi ne 6C4 = 15, sai 210 − 15 = 195. Amsa ɗaya, layi biyu maimakon biyar.

Ana ma iya gano yadda 336 ta samu. An ƙirga masu mace ɗaya sau ɗaya, 80. Masu mata biyu sau biyu, 180. Masu uku sau uku, 72. Mai huɗu sau huɗu, 4. Tara su, 336 cif. Malamin da ya nuna wa aji wannan lissafi ya fi wanda ya ce kawai "ba haka ake yi ba", domin ɗalibin ya ga ainihin inda rarar ta fito.

Wace hanya za a bi? A duba wane ɓangare ne ya fi ƙarancin yanayi. Ga "aƙalla ɗaya", cirewa ta fi sauri kusan kullum. Ga "aƙalla mata uku", tarawa kai tsaye ta fi: 24 + 1 = 25. Sannan akwai matsalar harshe, tunda da Turanci ake tambayar. "At least two" na nufin biyu ko fiye, a nan 90 + 24 + 1 = 115. "At most two" na nufin kada su wuce biyu, kuma ya haɗa da babu ko ɗaya: 15 + 80 + 90 = 185. Mantawa da yanayin sifili kuskure ne da ake yawan yi. Idan kuma aka ce biyu daidai, 90 ne.

Wanda dole ya shiga, wanda dole ya fita

Idan an ce dole wani mutum ya kasance cikin kwamitin huɗun, a zaunar da shi a kujerarsa a manta da shi. Saura kujera uku, mutum tara: 9C3 = 84. Idan an ce ba zai shiga ba, a cire shi daga tarin, kujeru suna nan huɗu: 9C4 = 126. Kowane kwamiti ko dai yana da mutumin ko ba shi da shi, shi ya sa 84 + 126 ya dawo 210. Wannan ne sirrin alwatikan Pascal, inda kowace lamba jimlar biyun da ke samanta ce. Haddace layukansa zuwa na takwas, 1, 8, 28, 56, 70, 56, 28, 8, 1, yana rage aiki ƙwarai a ƙananan tambayoyi.

Mutum biyu da ba sa jituwa, ba a son su haɗu a kwamiti ɗaya? A ƙirga inda suka haɗu, wato an zaunar da su biyun an cika kujera biyu daga mutum takwas, 8C2 = 28, a cire: 210 − 28 = 182. Takardar jarrabawa mai tambaya 8, a amsa 5, biyun farko tilas? Saura uku daga shida, 20.

Raba mutane gida biyu yana da nasa tarkon. Yara shida za su kasu ƙungiya biyu ta uku-uku. 6C3 ya ba da 20, kuma hakan daidai ne idan ƙungiyoyin suna da suna, misali masu jar riga da masu shuɗiya. In babu suna, zaɓen waɗannan uku daidai yake da zaɓen waɗancan ukun, sai a raba da 2 a samu 10.

Saɓanin masu koyarwa

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa a wuraren shirya ɗalibai. Ta farko tana dogara ga kalmomin alama: ka ga "zaɓa" ko "kwamiti", ɗauki C, ka ga "jera" ko "tsara", ɗauki P. Hujjar masu wannan hanya tana da ƙarfi. Lokaci kaɗan ne, manhaja tana da faɗi, babin ɗan ƙaramin yanki ne na tambayoyi 40, kuma tambayoyi masu sauƙi da yawa suna bin wannan tsari. Ɗalibin da ya fara ganin darasin makonni kaɗan kafin jarrabawa zai iya tsira da maki ta haka.

Ta biyu tana cewa a fara da ƙirga ƙananan misalai da hannu har a ga maimaicin da ido, sannan a kawo ƙa'ida. Tana cin lokaci a farko, kuma a aji mai cunkoso ba ta da sauƙin gudanarwa. Amfaninta yana bayyana inda kalmar alama ta yaudari mai karatu. "A zaɓi shugaba da sakatare daga mutum 10" yana ɗauke da kalmar zaɓa, amma jeri ne, 90 ba 45 ba. Gasar Firimiyar Ingila mai ƙungiyoyi 20 ba ta da kalmar alama ko ɗaya. Da sau ɗaya kowa ke karawa da kowa, da wasanni 190 ne. Da yake gida da waje ne, Arsenal ta karɓi baƙuncin Chelsea daban yake da Chelsea ta karɓi Arsenal, shi ya sa wasannin kaka suke 380. Wata tambayar ma tana haɗa biyun: kwamitin huɗu daga goma, ɗaya a cikinsu shugaba, 210 × 4 = 840.

Idan aka auna, kalmomin alama suna da amfani a matsayin hasashen farko, amma suna buƙatar gwaji guda a bayansu. Ɗauki amsa ɗaya, musanya wurin mutum biyu a cikinta. In sakamakon ya zama sabon abu, jeri ne. In bai canja ba, zaɓi ne. Gwajin ba ya cin daƙiƙa biyar.

Nau'in jarrabawar ma yana sauya abin da ya dace. A UTME amsar ƙarshe kawai kwamfuta ke gani, don haka gajeriyar hanya ce riba. A takardar rubutu ta WAEC ko NECO ana ba da maki kan matakan aiki, saboda haka wanda ya rubuta 10C4 − 6C4 a fili kafin ya lissafa zai iya samun wani abu ko da hannunsa ya goce a ƙarshe, wanda kuwa ya ajiye lamba tsurarta ba daidai ba ya tashi a tutar babu.

Abin da hakan ke jawowa ɗalibi

Manhajar lissafi ta JAMB ta sanya jeri da zaɓi a sashen ƙididdiga, kusa da darasin yiwuwar aukuwa. A sakandare kuwa an fi zurfafa babin a darasin Further Maths, wanda ba kowace makaranta ke da malaminsa ba, kuma ba kowane ɗalibi ke ɗauka ba. Sakamakon shi ne ɗalibai biyu su zauna jarrabawa ɗaya, ɗaya ya shafe zango yana aikin babin, ɗaya kuma a littafin tsofaffin tambayoyi ya fara cin karo da shi. Giɓin yana da sauƙin cikewa fiye da na babuka irin su kalkulas, tunda abin da ake buƙata ninkawa da rabawa ne da karatun tambaya a natse. Iyaye da malaman lesin da ke tsara jadawalin bita za su iya ba shi 'yan kwanaki tun da wuri maimakon barinsa zuwa makon ƙarshe.

Rauni a nan yana kuma bin ɗalibi zuwa wasu babuka. Jaka mai jajayen ƙwallaye 5 da shuɗaye 3, a zaro biyu lokaci guda, mene ne yiwuwar duka su zama ja? Hanyoyin da ake so 5C2 = 10, dukkan hanyoyi 8C2 = 28, amsa 10 bisa 28, wato 5 bisa 14. Ɗigo takwas a kan da'ira suna ba da layuka 28 da alwatika 56, siffa mai gefe takwas kuma tana da layukan tsallake, wato masu haɗa kusurwoyin da ba sa maƙwabtaka, 28 − 8 = 20. Lambobin da ke fitowa idan aka buɗe (a + b) mai ƙarfin n, wato (a + b) guda n da aka ninka da juna, su ne dai na alwatikan Pascal. A jami'a, masu karatun injiniya da kimiyyar kwamfuta da ƙididdiga suna sake haɗuwa da su tun shekarun farko.

A wajen aji ma lissafin yana faɗin abin da talla ba ta faɗi. A cacar lambobi da ake zaro biyar daga 1 zuwa 90, irin wadda ta yaɗu a Najeriya da Ghana, adadin rukunan da za su iya fitowa 90C5 ne, wato 43,949,268. Wanda ya sa lambobi biyar yana fatan duka su fito, damarsa ɗaya ce cikin kusan miliyan 44, kuma sakamakon jiya ba ya ƙara mata komai, domin kowane zarowa daga lambobi 90 ɗin yake farawa.